Manomin Rogo da Bindiga Mai Kama da ta Soja

Tanimu, tunda shawara ka zo nema kan bindigar nan da ka gani a birni, mai siffar ta sojan da amma harsashinta bai wuce ƙwayar wake ba, gyara zama ka ji abin da ya sami wani manomin rogo, sannan ka yanke wa kanka hukunci.

Mutumin nan kurege da fakara ne suka addabe shi a gona. Ya je birni ya yanki lasisi, ya shiga kanti neman ƙaramar bindiga. Mai kanti ya ajiye masa guda biyu masu cin harsashi iri ɗaya. Ta farko siririya ce kamar sandar makiyayi. Ta biyu kuwa an ƙera ta ne a kan kamannin bindigar yaƙi, ga katako ja yana sheƙi, ga igiyar ratayawa, ga nauyi. Mai kanti bai ɓoye masa komai ba, ya ce duk biyun iyakarsu zomo da tsuntsu, kada ya kuskura ya tunkari babbar dabba da su. Manomi ya rataya ta biyun, ya dubi kansa a gilashin ƙofa, ya ga mutum ya cika. Ita ya saya.

Ranar da ya sauka daga mota da ita a kafaɗa, majalisar bakin kasuwa ta bi shi da kallo. Kafin mako ya zagayo sunansa ya koma Saje. Mai shayi ya shiga ƙara masa madara ba tare da ya nema ba, mai nama ya riƙa zaɓar masa tsoka, wani maƙwabci da suka shekara uku suna rigimar iyakar gona ya zo da kansa ya mayar da dutsen inda yake tun asali. Shi kuwa bai taɓa cewa ta soja ce ba, bai kuma taɓa cewa ba ita ba ce. In an tambaye shi ƙarfinta sai ya shafa gemu ya ce Allah dai ya raba mu da ranar gwaji. Matarsa kaɗai ta san gaskiya, don ita ke fige kurciyoyin da yake kawowa, ta kuma ga ramin harsashin ko ɗan yatsanta ba ya shiga.

Ana nan sai wani ƙaton gyado ya faɗo wa gonakin rogon garin, yana tone saiwa yana barin kunya kamar an bi ta da garma. A da, tsohon maharbin garin ake kira da bindigarsa adaka, wadda aka ɗaɗɗaure da roba don tsufa. Wannan karon mutane suka ce me za a yi da hayaƙin tsoho alhali ga Saje. Manomi ya nemi ya ce ciki na damunsa, ya ga dagaci da kansa ya tako har ƙofar gidansa. Fasa zuwa ya zama tonon asiri.

Da hantsi ya nufi fadama, rabin gari na biye da shi, suka ja daga nesa a kan tudu suna kallo. Ya tarar da gyadon ya dulmiya hanci a kunya. Ya durƙusa, ya auna, ya ja kunama. Bindiga ta ce tas, kamar ƙwayar guguru ɗaya ta fashe a kasko. Gyado ya kaɗa kunne kamar ƙuda ya taɓa shi, ya ɗago kai, ya ga mutum, ya taho da haurensa. Saje ya yar da bindiga ya ɗare itacen da ya fi kusa, ashe aduwa ce, ƙaya ko'ina. Gyado ya zagaya gindinta sau biyu, ya shinshina bindigar, ya ga ba abin ci ba ce, ya kwanta a inuwa.

Mutanen tudu ba su ji ƙarar harbi ba, don ba ta iso musu ba, ba su kuma lura ya yar da bindigar ba. Da suka hango shi a kan itace sai wani ya ce ai dabarar soja ke nan, daga sama ake auna maƙiyi. Kowa ya gyaɗa kai. Suka zauna suna yaba haƙurinsa har rana ta take, shi kuwa ƙaya na cinsa ta baya, tururuwa ta gaba, ga kunyar yin ihu. Matarsa ce ta gaji, ta yafa gyale ta je ta ɗauko tsohon maharbi. Tsoho ya zo yana ɗingishi, ya ɗura albarushi, ya saki guda a sama. Fadama ta amsa, hayaƙi ya turnuƙe, gyado ya kama daji bai sake dawowa ba. Aka sauko da Saje, wando a yage, aka wuni ana cire masa ƙaya yana kwance rub-da-ciki.

Bindigar fa ba ta yi laifi ba. Har ya tsufa da ita yake harbin fakara, kuma ba ta cika kuskure ba. To, in miyar fakara kake so da abin sha'awa a jingine a ɗaki, saya, Allah ya sa albarka. Amma ranar da aka fara kiranka Saje, ka yi maza ka nuna wa jama'a girman harsashin, domin Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.