Takardun Ƙyauren Malama Nevena

Takarda ta farko a jikin ƙyauren lambu ta same ta, ranar Talata, ta dawo daga gashin tattasai a gidan Baba Genka maƙwabciyarta. Layi ɗaya ne da Turanci, babu sa hannu: "Ya kamata a gafarta mini wannan karambanin."

Malama Nevena ta karanta sau uku. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyar da Turanci a makarantar ƙauyenmu kafin a rufe ta, kuma ba ta taɓa samun ɗalibin da ya iya haɗa irin wannan jimlar ba. Ta ji warin hayaƙi a jikin takardar, ta ce ai hannunta ne.

Lokacin kuwa ba na wasa ba ne. Ranar Lahadi 'yarta Milka za ta zo da mota ta kwashe ta zuwa birnin Plovdiv, bene hawa na bakwai, inda babu kaza babu itacen inabi. Milka ta faɗa mata a waya: "Mama, ki ba ni dalili ɗaya na zamanki ke kaɗai a gidan nan, in ƙyale ki." Nevena ta duba gabas ta duba yamma ba ta samu ba. Tun watan jiya ta fara rabon kaya. Kujeru ta ba coci, kwalabe ta ba Baba Genka, tsofaffin takardun darasi buhu guda ta ba Dobri mai kiwon zuma, ya riƙa kunna wa ƙudan zumansa hayaƙi.

Ranar Laraba ta biyu ta iso: "Ana iya shawo kaina in yi rawa, idan an matsa mini."

Ta fassara wa Baba Genka. Tsohuwa ta ajiye wuƙa ta ce, "Wa zai shawo kan nasa? Magajin gari?"

"Ba za ki gane ba, Genka. Haka mutanen Ingila suke. Idan suna son abu a wurinki ba sa cewa ke ki yi. Sai mutum ya sa kansa a gaba, ya ɓoye mai yin. Ana iya gayyatata, ya kamata a tuna da ni. Kunya ce, da ladabi."

"Ragwanci dai. Mijina da ya so ni akuya ya jawo har ƙofarmu."

"Dubi tsarin jimlar kawai," in ji Nevena. "Ko ni ce na rubuta iyakar abin da zan yi ke nan."

Malama ba ta taɓa rasa hanyar yabon kanta ba, mun sani. Kuma a ƙauyen nan Bature ɗan Ingila ɗaya gare mu, Mista Rupert, dogo, jar fuska, ba mata sai kare, wanda ya sayi gidan marigayi mai gidan waya. Lissafi ya fita.

Alhamis ta toya banitsa, wainar fulawa mai cuku, ta nufi gidansa. A hanya Dobri ya tare ta da kwalbar zuma, ya cire hula, ya buɗe baki.

"Ba yanzu ba, Dobri, sauri nake."

Ya mayar da hularsa. Dama haka yake. Hunturu biyu ya yi a bencin baya a ajin manya da ta taɓa buɗewa, bai furta kalma ɗaya ba, har ta yanke cewa kansa kakin zuma ne zalla. Tun da matarsa ta rasu ma maganar tasa ta ƙara ƙaranci.

Mista Rupert ya ci yanka uku, ya yi godiya, ya shafe awa guda yana ba ta labarin ciwon kunnen karensa. Takarda ko da wasa bai ambata ba. Nevena ta dawo gida tana murmushi, tana cewa kawaici sai Bature.

Ta uku ta zo ranar Juma'a: "Ana iya samuna a bakin marmaro ranar Asabar da ƙarfe biyar."

Asabar ta kwance akwatin da ta riga ta ɗaure, ta ciro shuɗiyar riga, ta goge. Tana kan hanyar marmaro sai ga motar Mista Rupert ta nufi gari, kare ya leƙo da kai ta taga. Ya ɗaga mata hannu ya wuce.

Kunya ta rufe ta, baƙin ciki ya biyo baya. Mace mai shekara sittin da takwas, da jan baki, gobe za a loda ta a mota tare da katifa. Komawa gida kuma sai ta bi ta ƙofar Baba Genka, wadda ba ta raga wa kowa. Don haka ta ci gaba da tafiya.

A bakin marmaro Dobri na tsaye cikin baƙar kwat, an taje gashi.

"Dobri, rasuwa aka yi ban ji ba?"

Ya zaro wata takarda daga aljihu, ya ɗora yatsa a layin ƙarshe, ya karanta da Turancin da ya fi kowane ta taɓa ji muni: "Ana iya ƙi na, amma dole ne a saurare ni."

Ta karɓi takardar. Gefenta ya ƙone, rubutun hannunta ne na shekara talatin da suka wuce, darasi na sha huɗu, misalai huɗu da fassararsu, uku an riga an soke su da fensir, su ne jimlolin da ya kwafa ya kai mata ƙyaure: ita kaɗai Dobri ya fizge daga wuta cikin buhu guda, kuma ita ce dalilin da Milka ta nema.