Bahon Dutse a Banɗakin Inna

Sai da aka cire ƙyauren banɗakin sannan bahon wankan ya shiga. Baƙin dutse ne, ƙato, ya cinye rabin wurin. Inna na dogare da sandarta tana ta jera wa ƙartin da suka ɗauko shi sannu.

Autanta ne ya tsiro da aikin. Tun rasuwar mahaifinsu shi ke riƙe da komai na gidan, kuma da ya ce za a sabunta banɗakin har ƙwalla ta yi. Babu maƙwabciyar da ba ta ji labari ba.

Kullum Auta kan zo da wani dogon mutum mai tsabta, wanda ke nuna wa ma'aikata inda kowane abu zai zauna. Inna ta laƙaba masa Dogo mai zane. Ita ke dafa masa shayi da hannunta.

Dogo ya san abin da yake so. Tunda bahon ya yi nauyi a ido, in ji shi, sai komai na gefensa ya zama siriri. Aka kafa famfo kamar tsinke, da ɗan kwanon wanke hannu da bai fi tafi biyu ba. Bango ya sha manyan tayil, ƙasa kuwa ƙanana kamar farce. Madubin ma shi ya tsaya a gabansa ya ce a ƙara ɗagawa.

Wuri ya yi kyau, ba ƙarya. Amma da Inna ta gwada shiga bahon, gwiwa ta ce ba da ita ba. A madubin kuwa, ƙullin ɗankwalinta kaɗai take hange. Ta roƙi Auta a sa mata ƙarfen dafawa.

"Zai ɓata tsarin, Inna," ya ce, idonsa na kan waya.

Ta koma wanka da bokiti a lungu, ba ta gaya wa kowa ba. Yaro ya yi ɗawainiya, ina ita ina ƙorafi?

Da aka zo fenti, Auta ya ce ta je wurin yayarsa ta ɗan huta, kada wari ya tayar mata da tari. Da kansa ya haɗa mata kaya, har da hoton marigayi na falo.

Yana fita neman mota, ta tare Dogo a tsakar gida.

"Ɗan nan, tsakani da Allah, da kake zana wa tsohuwa banɗaki, ka tuna da gwiwarta kuwa?"

Dogo ya ajiye kofin shayin a hankali. Ya dubi akwatunan, ya dube ta.

"Mama, ni fa ba mai zane ba ne. Ɗanki bai gaya miki ni na sayi gidan ba?"