Turare Ya Cinye, Shafi Bai Buɗe Ba

Kai da kake nuna mini lamba kana cewa aiki ya yi, zauna ka ji misalin wata mai turaren wuta.

A wani gari can gabas akwai wata mata mai haɗa turaren wuta da humra, sana'ar da ta gada wurin kakarta. Da ƙamshinta amaren garin suke shiga ɗakin miji, har akan ce ango kan gane hannunta tun daga zaure. Da ta lura 'yan matan yanzu sun fi son saye ta waya, saboda kunyar tsayawa gaban babba a zaɓi turaren ɗaki, sai ta sa wani gwani a birni ya yi mata shafin intanet. Ya jera hotunan kwalabe arba'in, ya ajiye shafin a kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shi tana miƙa wa duk wanda ya nema. Ita kuwa wannan kwamfuta tana wata ƙasa a hayin teku. Ya auna saurin buɗewar shafin, ya turo mata sakamako: sakan biyu, da koren launi, alamar komai lafiya. Ta yi hamdala. Mako ya bi mako, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ta yi masa magana, ya sake turo koren nan, ya ce wayoyin mutanenta ne ba su da kirki. Ta haɗiye. Rannan a gidan suna wata amarya ta gifta ta da wani ƙamshi mai hawa kai, wanda ba nata ba. Ta waiga, ashe 'yar aminiyarta ce, yarinyar da ita ta turara zanen goyonta. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ce sau uku tana buɗe shafin, farin allo kawai take gani, ta kasa kiran Inna a kan irin wannan magana, ta saya a wani wuri.

Ko ruwan gidan sunan ba ta sha ba. Ta kira gwanin, ta ce ya tako da ƙafarsa. Da ya zo ta zaunar da shi a tabarmar shagonta, ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare ɗan tsunkule, ta miƙa masa wayarta. Ta ce, "Buɗe, malam. Ni ma ga nawa ma'aunin." Hayaƙi ya tashi, ya lanƙwasa, ya bi rufi. Wayar tana ta juya 'yar da'irarta. Hayaƙi ya sirance, ya mutu, turare ya zama toka, a allo kuwa kwalba biyu ne suka leƙo, su ma iya wuya. Gwanin ya ajiye wayar. Ya buɗe nasa ma'aunin don ya kare kansa, ita kuma ta hango sunan wani birni a saman allon, ta tambaye shi ina ne nan. Sai muryarsa ta yi ƙasa, ya ce can hayin teku ne. Ashe ma'aunin yakan tambaya daga wane gari za a gwada, shi kuwa bai taɓa sauya wurin ba, kullum daga maƙwabtan sabar yake gwaji. Masu sayen turarenta kuwa, kowane hoto sai wayarsu ta aika hayin teku ta jira ya dawo, har arba'in. Ya zaɓi birni mafi kusa da su, kore ya koma ja. Ta miƙe, ta ce, "Ka tsaya bakin rijiya kana rantse mini ruwa kusa yake. Mu ne masu ɗaukar tulu!"

Ya dawo da shafin saba ta kusa, ya rage wa hotunan nauyi, har shafi ya riƙa buɗewa kafin hayaƙi ya kai rufi. Amma waccan yarinya ta riga ta shiga ɗakinta da ƙamshin baƙo, kuma sau ɗaya ake wannan shiga. Har yau in mai turaren ta tuna, sai ta ture kasko gefe.

Saboda haka in za ka auna, je ka tsaya inda mai jira yake tsaye. Hausawa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.