Jar Ƙura a Bayan Wuya

A shekarar 1959, da ma'aikatan ƙarfe suka shiga yajin aiki, sararin samaniyar birnin Youngstown na Amurka ya washe, har mata suka koma shanya fararen kaya a waje ba fargabar jar ƙurar masana'anta. Milka na shanya zanin gado a gefen gida sai ga saurayinta Ondrej, ya sha wanka, sanye da rigarsa ta zuwa coci.

Ya daɗe yana juya hularsa a hannu kafin ya zaro zobe.

"Milka, na gaji da jira. Ki aure ni kafin sanyi ya shigo."

Ta kai hannu ta gyara masa wuyan riga kamar yadda ta saba, sai yatsunta suka taɓa bayan wuyansa, suka dawo jawur. Kwana tamanin ke nan babu namijin da ya kwaso wannan ƙurar zuwa unguwarsu, don a cikin masana'anta kaɗai ake samunta.

"Ashe ka koma aiki," ta ce a hankali.

"Kwana uku kacal, ta ƙofar baya. Haba Milka, kin san mamata na kwance."

"Babana fa? Tun asuba yake tsaye a bakin babbar ƙofar masana'antar da kwalin yajin aiki a hannu, cikinsa ba komai. Shi ka zagaye?"

"Na rantse ba wanda ya gan ni."

"Ni na gan ka."

Ta goge yatsunta a jikin farin zanin, ta bar shi a rataye, jan tabon yana kallon titi.