Kafin In Sallame

"Ko ya goge bidiyon nan yanzu, ko ya kwana wurin 'yan sanda!"

Wani mai shagon wayoyi ne daga Sabon Gari, ya tsaya mana a soro da ƙarti biyu. Ɗana ya sayi waya a wurinsa, ya hau TikTok ya ce in ana gem da ita zafi take kamar dutsen guga. Duk Fagge an gani.

Yaron yana bayana. Ni fa na tsani gem ɗin ƙwallon nan da yake yi a waya, amma ban haifi maƙaryaci ba.

Na ce, "Kai, kunna masa ƙwallon." Na miƙa wa mutumin wayar. "Alhaji, riƙe min in yi La'asar. In na sallame tana hannunka, da kaina zan sa ya goge."

Ya yi dariya ya karɓa.

Na shiga ciki na tada sallah. Ina raka'a ta uku na ji abu ya faɗi ƙasa, tas!

Da na sallame na leƙo, babu kowa a soro sai ɗana, tsugune kan fasasshiyar wayar, yana ɗaukarta bidiyo da tawa.