Ayarin Lalle

An yi wani wanzami a wani gari da ke bakin tsohuwar hanyar fatake. Da tsufa ya zo masa sai hannunsa ya soma rawa. Ran nan ya yanki wani ango a ƙeya, daga nan masu zuwa aski suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ya rataye zabirarsa, ya koma zaman gindin katanga yana kallon awaki. A nan ya lura da abin da kowa ke wucewa bai kula ba: 'yar aduwar da awaki ke tsinka kullum ba mutuwa take yi ba, cika take yi ta dunƙule, wadda suka ƙyale kuwa sai ta tafi sama tsirara. Ya ce a ransa, ashe itace ma yana son aski. Sai ya dasa lalle jere a gefen hanyar rijiya, ya kewaye shi da ƙaya, ya ɗauko almakashinsa. Ganye ba ya jini, ba ya kuma riƙe mutum a zuci. Masu wucewa suka riƙa tsokanarsa: "Sarkin Aska, kawunan mutane ne suka ƙare?" Shi dai sai ya ci gaba da datsa.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Abin da ya fara kamar tulu ya fitar da tozo, sannan dogon wuya, wanda ya tanƙwara da sanda da igiya tun reshen yana ɗanye. Raƙuma ne, irin waɗanda ya gani yana yaro suna shigowa da gishiri da dabino, sai dai waɗannan koraye ne shar, kuma duk sun fuskanci arewa. Da sassafe, in ƙasa ta sha ruwa tana tururi, mai zuwa rijiya zai rantse tafiya suke yi. In suka yi fure, ƙamshinsu har cikin masallaci. Mata suna kwashe ganyen da ya datse su yi ƙunshi. Da la'asar tela da mahauci da sauran maƙwabta sukan shimfiɗa tabarma a inuwar ayarin suna hira, suna kallon hannunsa. Bai taɓa barin kowa ya taɓa ko reshe ɗaya ba. Yakan ce, "Ido naku, almakashi nawa."

Sai yanar ido ta rufe masa gani, daidai faɗuwar ruwan fari. Ya san halin lalle: damina guda ba aski, raƙumi ya koma daji. Ya kwanta a ɗaka yana jin ruwa a kan rufi, yana ganin ayarinsa a zuci, wuyoyi suna tsiro, ƙafafu suna haɗewa, raƙuma suna narkewa cikin kore ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙi fita, ya hana a yi masa zancensu. Sai da kaka ta yi matarsa ta gaji, ta kama hannunsa ta ce, "Malam, ko gawa ce ai a je a yi mata sallama." Ta kai shi. Ya miƙa hannu yana jiran sarƙaƙiya, sai tafinsa ya sauka a kan tozo sumul. Ya shafa ya gangara, ya bi wuya ya hau, har ya kai kai. Nan ya tsaya.

"Wane mara tsoron Allah ne ya sa wa raƙumina kunnen jaki?"

Dariya ta tashi daga kan tabarma. Mahauci ya ce, "Tela ne, Sarkin Aska. Ni tozo kawai na yi, shi na sani."

Tela ya ce, "Taɓawa ka hana mu, Baba, ba ka hana mu kallo ba."

Matar ta raɗa masa cewa bayan raƙuminsa na ƙarshe akwai wasu ƙanana da ba shi ya dasa ba, kuma yanzu da wuya ka wuce ƙofar gida a unguwar ba ka ga lalle ana yi masa aski ba, wani tulu, wani jimina, wani Allah kaɗai ya san ko mene ne. Tsohon ya laluba aljihu ya zaro almakashin da ya kwana da shi duk damina, ya nemo hannun tela ya danƙa masa, ya ɗora hannun a kan kunnen.

"Rage nan. A hankali, ba wuyan riga ba ne."

Mutane sun saba kawo wannan magana a kan mugun aboki kaɗai, alhali ta fi haka faɗi: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.