Amarya Mai Tsintar Fasassun Tukwane

Malama Lantana, kin ce za ki haƙura da sabuwar hanyar koyar da karatun nan, tunda ke ba shugabar makaranta ba ce, malamai ba za su saurare ki ba. Zauna tukuna in ba ki wani misali.

A wani ƙauye na maginan tukwane, duk gashin da aka yi sai kusan rabin kayan ya tsage a wuta, ranar kasuwa mata su tafi da abin da bai taka kara ya karya ba. Shugabar magina ta gano maganin. Ta tara su, ta ba da umarni kowa ta riƙa daka fasasshiyar tukunya tana cuɗa garin a yumɓu. Suka ce to, suka koma gida suka ci gaba da yadda suka gada, don a ganinsu ba a koya wa jikar magina taɓa yumɓu. Ana nan aka kawo wata amarya daga garin da haka ake yi tun kaka da kakanni. Ba ta tsaya koya wa kowa ba. Sai ta bi gida-gida da kwando, ta gaishe su da ladabi, ta roƙi fasassun tukwanen da suka zubar a bayan danga. Suka ba ta suna dariya, har suka sa mata suna Mai Tsince-tsince. Ta kafa turminta a ƙofar gida, daidai hanyar rijiya, tana daka tana taya su dariyar.

Ranar gashi, da yake rami ɗaya suke haɗawa, ta jera nata a tsakiyar nasu. Da wuta ta mutu aka yaye toka, randunanta suka fito lafiya lau, in an ƙwanƙwasa sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Ta kwashe abinta, ta taya maƙwabciyarta jajen tulunan da suka dare. Da yamma sai ga maƙwabciyar, wai ta zo aron turmi. Amarya ta ba ta turmin, ta haɗa mata da garin cike da ƙwarya, ta ce, "Ai naki ne, Yaya, randarki ce ta bara." Kafin gashi na gaba amarya ta sake fita da kwandonta, ta dawo da shi wayam, domin kowace mace ta ɓoye fasassun tukwanenta a ƙarƙashin gado. Shugaba kuwa ta yi ta murna, tana cewa ashe dai an ji maganarta.

To, Malama, ke ma kina da aji. Ki fara da naki, ki bar ƙofa a buɗe. Ranar da ɗalibanki suka ɗauki littafi suka karanta a gaban taron makaranta, za ki ga masu zuwa aron alli. Hausawa dai sun riga sun faɗa: gani ya kori ji.